Dattin da Inna Ta Tara

Shekara ashirin da shida Inna ta yi tana goge asibitin haƙori guda ɗaya, a hawa na biyu, saman wani kantin magani. Ba ta taɓa cire wa kowa haƙori ba, amma duk jinin da aka tofar a wurin ita ta wanke shi. Ma'aikata na kiranta Inna Ƙal-ƙal, don ba ta san wani yabo ba sai wannan. Takan dubi tayil ta ce, "Bai yi ƙal ba," ta sake durƙusawa. A gida ma haka take. Surukarta ta gaji da jin haushi in ta ga Inna ta ɗauki kwanon da aka riga aka wanke ta koma da shi bakin famfo. Da tsumma da bokiti ta reni 'ya'ya huɗu bayan rasuwar mijinta, kuma tsumman da bokitin ne suka cinye mata gwiwoyi. Yanzu matakala goma sha takwas ɗin asibitin sai ta huta sau biyu kafin ta kai sama.

Ana cikin haka Likita, mai asibitin, ya je wani wuri ya ga kifi a akwatin gilashi, ya dawo da zancen cewa kallonsu na kwantar wa masu jiran layi hankali. Aka kawo akwati mai tsawon tebur, aka zuba tsakuwa, aka cika ruwa, aka jona ɗan injin tace ruwa mai soso a ciki. A ranar aka saki kifi tara masu launin lemo. Mai sayar da kifin ya so a jira ruwan ya kwana biyu tukuna, Likita ya ce ba shi da lokacin jira.

"Inna, ga ƙarin yara na kawo miki," in ji Likita.

"To, ranka ya daɗe," ta ce. A ranta kuwa ta ce ga ƙarin aiki dai.

Ta riƙe su yadda ta san riƙon komai. Kullum da safe, kafin kowa ya iso, takan kwashe kifin a roba, ta zubar da ruwan kaf, ta dirje gilashin, ta wanke tsakuwar. Soson nan da ke yin ƙasa-ƙasa cikin yini ɗaya takan murza shi da sabulu har sai ya dawo fari, sannan ta cika akwatin da sabon ruwan famfo. Awa guda cur aikin ke ci, don haka ta riƙa fitowa gida da motar farko.

Rana ta huɗu ta tarar da biyu sun juya ciki sama. Rana ta shida, ɗaya. Sauran suna taruwa a saman ruwa suna buɗe baki kamar masu haki. Sakatariya, wadda ba ta taɓa tsoma yatsa a ruwan ba, ta ce, "Inna, anya kina wanke musu sosai kuwa?" Maganar ta soki Inna. Ta ƙara wanki na biyu da yamma. Kafin sati biyu ya cika saura kifi ɗaya, wani ɗan ƙarami mai yagaggiyar wutsiya. Ta raɗa masa Gagarau. Ba ta yi niyyar sonsa ba, amma mutum ba ya kwashe gawa takwas da hannunsa ya naɗe a takarda ya kuma ce bai damu da na tara ba.

Likita ya kira mai kifin. Mutum ne mai furfura, mai sanyin magana, ya zo da 'yan kwalabe a jaka. Ya ɗebi ruwa a wani siririn gilashi, ya ɗiga magani, ya girgiza. Ruwan ya koma kore.

"Rawaya ake so," ya ce. "Kore guba ne. Inna, yaya kike kula da su?"

Ta gyara tsayuwa ta zayyana masa komai, har da sabulun, tana jiran ya ce sannu da ƙoƙari. Sai ya zauna a kujerar marasa lafiya ya dafe goshi.

"Inna, kashin kifi da numfashinsa suna sakin wani abu a ruwa, amoniya, yana ƙona musu wurin shaƙar iska. Akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke cinye gubar. A jikin soson nan suke yin gida. Wannan ƙasa-ƙasan da kike wankewa, su ne. Sati biyar ko shida suke ɗauka kafin su yi yawa. Ruwan famfo kuma akwai sinadarin kulorin a ciki, yana kashe su, yana cutar da kifin ma."

"Wato ƙwayoyin cuta kake so in yi kiwo."

"Kusan haka."

"Ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina kashe su."

"Ai shi ya sa kika iya," ya ce, bai yi dariya ba.

Inna ta dubi hannayenta da bilic ɗin wanki ya tsattsage. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta ji ba tun tana amarya. Da ƙazanta ce ta kashe kifin nan, da ta san inda za ta kai ƙara. Ita ce ta kashe su, da tashin asuba, da ƙwazo.

Ya bar mata kwalaben da ƙa'ida. Kada sabulu ya kusanci akwatin. Ruwa kashi ɗaya cikin huɗu kawai za ta riƙa canzawa, shi ma sai ta ɗiga masa maganin kulorin. Abinci ɗan mitsitsi, sau ɗaya a rana. Soso in ya toshe, ta ɗan matse shi a cikin tsohon ruwan da ta ɗebo, ta mayar. "Ruwan zai yi hazo kwana kaɗan," ya ce. "Ki daure, ki bar shi."

Duk aikin da Inna ta yi a duniya babu wanda ya gajiyar da ita kamar wannan barin. Rana ta uku ruwan ya yi fari-fari kamar an ɗauraye kofin madara a ciki. Takan wuce da tsumma, hannunta ya miƙa da kansa, ta janye shi. Kowace safiya ta sa tabarau ta ƙirga ɗigon maganin gwajin ruwa, ta ɗaga gilashin wajen taga. Kore. Washegari kore. Da koren ya fara ja da baya, sai kwalba ta biyu ta ba da shunayya, wai gubar farko ta rikiɗe ta zama wata, ita ma sai an jira masu cin ta sun haifu. Gagarau na lafe a kusurwa, ita kuma tana tsaye a kansa tana cewa, "Kai dai yi haƙuri, ni ma haƙurin nake yi."

Wata mata mai kumburarren kunci ta dubi akwatin ta ce da ƙarfi, "Wurin nan ba su da mai shara ne?" Inna na bayanta da tsintsiya a hannu. Likita ya ji. Da yamma ya kira ta ofis.

"Inna, ki wanke abin nan gobe. Mutane na magana."

"Ranka ya daɗe, in na wanke zai mutu."

"In ya mutu a kawo wasu. Nan asibiti ne, ido ake fara yi wa magani."

Shekara ashirin da shida ba ta taɓa ce masa a'a ba. Tun yana sabon likita take share masa ƙasa. Ta ce, "To," ta fita. Da safe ta tsaya gaban akwatin da sabulu a hannu har ƙafafunta suka fara zogi, sannan ta mayar da sabulun aljihu ta ɗebi kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan.

Likita bai yi faɗa ba. Ya dai fara lura da abin da da ba ya gani: hutun da take yi a matakala, da ƙurar saman firij da hannunta ya daina kaiwa. Bayan sati biyu ya zaunar da ita, ya yi mata godiya mai tsawo, ya ce lokaci ya yi da za ta huta, kamfanin shara zai karɓi aikin a farkon wata. Inna ta ce Allah ya saka da alheri. Ba ta yi kuka ba, gajiya ce kawai ta sauko mata tun daga wuya har tafin ƙafa.

Ranar aikinta ta ƙarshe ruwan ya riga ya washe da kansa, ana hango tsakuwa ɗaya-ɗaya. Ta ƙirga ɗigo. Kwalba ta farko rawaya, ta biyu shuɗi mai haske, yadda mai kifin ya ce. Gagarau na zagaye akwatin yana jan yagaggiyar wutsiyarsa, yana neman abinci kamar wanda bai san an sha wahala a kansa ba. Babu wanda za ta nuna wa gilashin, Likita na ciki da mara lafiya, sakatariya na waya.

Ma'aikaciyar kamfanin ta zo karɓar makullai, mace mai ƙarfi da safar hannu har gwiwar hannu. Inna ta zaga da ita ko'ina. Da suka iso akwatin, matar ta ɗaga murfin injin, ta ga soson, ta yamutsa fuska.

"Kai, Inna, wannan ai ya kwana biyu bai ga sabulu ba."

Inna ta riƙe mata hannu. Ba da ƙarfi ba, amma ba ta saki ba.

"'Yar nan, ki duba ko'ina a asibitin nan, in kin ga datti ki zage ni. Wannan kaɗai na bari, sati shida na yi ina tara shi. Ki bar mini shi."

Matar ta dubi tsohuwar, ta dubi agogo, ta ce, "To, Inna," irin to ɗin da Inna ta sani sarai, don ita ma ta yi wa Likita irinsa. Inna ta mayar da murfin da kanta, ta ɗauki jakarta ta nufi matakala. A hutun farko ta tsaya fiye da yadda gwiwoyinta ke buƙata, tana sauraron ko za ta ji an buɗe famfo.