Amshin waƙar Maama Dudu

A Pitowa na tashi, a hannun kakata, Maama Dudu. Lokacin cirar auduga, in an ci tuwo sai mu kewaye murhu muna gasa gyaɗa, ita tana shafa man kaɗe a yatsunta da suka tsattsage.

Wata shekara Kawu Sali, autanta, direban motar Garwa, ya zo da kaset. Ya ce waƙar baƙaƙen Amurka ce, irin wadda suke kira sol. Mace ce ke jan murya a hankali, ganga na bin ta, wasu mata na amsawa. Ba wanda ya gane kalma ɗaya.

Maama ta saurara har ƙarshe. Ta ce, "Sali, wannan ta ciri auduga."

"Haba Inna, wannan a jirgin sama take yawo."

"To uwarta ta cira. Kai da ba ka taɓa cika buhu ba, me ka sani? Ji inda take yanke numfashi. Nan ne ake sunkuyawa."

Sai ta ce, "Ku matso, ga labarin waƙar nan tafe." Wai an kama wata mata da 'yarta, aka haye da su babban ruwa, aka raba su gonaki, aka hana su magana. Kullum safe uwar ta ɗaga waƙa, 'yar ta amsa daga nesa, kowa ya san ɗan'uwansa na da rai. Ran nan ta ɗaga, shiru. Matan da ke kusa suka amsa mata don kada ta faɗi.

Na ce, "Maama, yarinyar ta dawo?"

"Wa ya taɓa dawowa? Juya gyaɗarka, tana ƙonewa."

Ta ɗauki karin waƙar ta sa masa Hausa. Ita ke bayarwa, mu muna amsawa: "Muna nan, Inna, muna nan." Waƙar ta shiga gonaki, har gidan biki. Amma a wurinmu yaro ba ya bayar da waƙa in babba na raye, rashin kunya ne. Saboda haka amshi kawai muka koya.

Kwalara ta ɗauke Maama da ƙannena biyu a damina ɗaya. Motar Kawu Sali ta kife a hanyar Ngong, da shi da kaset ɗin. Ni na rage. Dako nake yi a unguwar Roumdé Adjia, cikin Garwa.

Da ina yaro na ɗauka labarin na cewa in ka kira za a amsa. Yanzu na san waɗancan matan ba su dawo wa uwar da komai ba. Sun dai tsayar da ita ta gama aikin ranar.

Bara 'yata Hawwa ta haihu. Ta ce, "Baba, yi masa waƙar Maama, in koya."

Na karɓi jaririn. Na nemi baitin farko, babu. Na yi amshin sau biyu, na tsaya ina jira.

Hawwa ta ce, "Baba, shi ke nan?"

Na ce, "Iyakar abin da aka bar mini ke nan." Na miƙa mata ɗanta.