Asibi da Kuskure 47

Asibi 'yar Andrawus ce, mai gadin daji a Kakangi. Tun tana ƙarama take bin mahaifinta da igiyar awo suna auna kaurin maɗaci da ɗorawa. Da ta shiga jami'a a 1978, waɗannan alƙaluman ta kai wa kwamfuta don ta lissafa mata yawan katakon dajin.

A lokacin sai ka huda katunan da na'urar ke karantawa, ka miƙa ta taga, ka dawo washegari. Kullum takardar Asibi da layi ɗaya take fitowa: Kuskure 47. Littafin da ke fassara lambobin kuwa yana kulle a durowar Malam Abdulsalam, mai kula da na'urar. Wanda ya ga dama yake buɗe wa.

"Malam, don Allah me 47 take nufi?"

"Tana nufin ki koma dajinku," in ji shi. Ɗalibai suka bushe da dariya.

Ta maimaita shekara. Andrawus ya rasu bai ga ta gama ba. Daga baya ta gano laifin: lamba mai ɗigo ta zuba a gurbin cikakkiyar lamba. Shi ke nan. Magana ɗaya da ta ishe ta.

Asibi ta ƙullaci Abdulsalam a ranta. Ta shiga yin kuskure da gangan, iri-iri, tana rubuta lambar da kowanne ya haifar, har ta cika littafi biyu. Da aka ɗauke ta aiki a sashen kwamfuta na jami'ar, ta yi wata bakwai tana rubuta shirin da zai sa na'urar ta yi bayani da kanta: ga layin, ga abin da ka ba ni, ga abin da nake jira, gyara kaza.

Cikin mako biyu tagar Abdulsalam ta zama kufai. Masu rusuna masa suka koma ɗaga masa hannu daga nesa. Ya same ta a ofis.

"Malama, kin kashe min aiki."

"Na sani," ta ce, ba ta ɗago kai ba.

Aka mayar da shi sito. Ya aiko mutane biyu su ba ta haƙuri, ta ba su ruwa suka sha, ta raka su ƙofa.

Da ta yi ritaya ta koma Birnin Gwari tana koya wa 'yan sakandare lissafi. Ɗalibi ko sau goma ya yi tambaya ɗaya, sai ta amsa masa. Sunan Abdulsalam ne kawai ba a ambata a gidanta.