Layin da aka ja a tsakiyar titinmu

Tun da na zama 'yar ƙasa a nan ƙasar waje ban taɓa fashin zaɓe ba a garinmu Largo. Duk bayan shekara biyu sai in taso daga aikin asibiti, ko kaya ban canza ba, in bi layi in dangwala wa mutum guda, ɗan majalisar tarayya mai wakiltar mazaɓarmu. Ba ni kaɗai ba, titinmu kaf nasa ne. Ni da maƙwabciyata ta tsallaken titi, wata dattijuwa 'yar Kumasi, har waina muke soya wa masu bi gida gida suna nema masa ƙuri'a. 'Yan takardun nan masu manne da ake ba wanda ya yi zaɓe sun cika ƙofar firijina.

Da na samu cikin fari bayan dogon jira, sai bizar Inna ta maƙale. Ni kuwa so nake ta zo ta yi mini wankan jego, yadda ta yi wa yayyena a Kano. Na kai kuka ofishin ɗan majalisar, suka karɓi takardu, suka ce suna bibiya. Duk Juma'a sai Inna ta tambaye ni a waya, "Mutumin naku me ya ce?"

Cikina na wata bakwai na sake kiran ofishin. Wata mai zaƙin murya ta nemi lambar gidana, ta duba, sannan ta ce an sake zana mazaɓu, ɓangarenmu na titin ya koma wata mazaɓar, sai dai in nemi sabon wakilina in faro daga farko. Kai! Duk wainar nan da tsayuwar layi, ashe wasu ƙattin banza sun zauna a ɗaki mai sanyi sun ja biro sun yanke mu kamar ƙyalle, ko sallama babu. Tir! Na ɓare takardun firijin nan tas na watsa a shara.

Ran Juma'a na ce, "Inna, yanzu fa ba namu ba ne."

"Innalillahi! Rasuwa ya yi?"

"Yana nan garau. Layi aka ja."

Sai ta ce to ita dai jakarta a ɗaure take.

Da na haihu, 'yar Kumasi ce ta riƙa tsallako titin safe da yamma tana yi mini wankan. Jakar Inna kuwa, har na yaye yarinyar ba ta kwance ta ba.