Ranar da Yaya Ya Jefi Ungulunsa

Yayana mai wankin kwata ne. In mahauta sun gama yanka da fiɗa sun kwashe namansu, shi ne zai shigo da dogon takalmin roba da tiyo da tsintsiya, ya kora jini da kashin tumbi zuwa lambatu. Tun yana saurayi yake wannan aiki har furfura ta cinye masa kai. Matarsa ta rasu ba su haihu ba, ya ƙi ƙara aure, na yi faɗan har bakina ya gaji. Ɗakinsa na bayan kwatar: katifa ɗaya, rediyon da ya daina magana, da kujerar roba mai karyayyiyar ƙafa da ya tokare da bulo. Kujerar nan kullum wata doguwar bishiya take kallo, domin can ƙololuwarta akwai sheƙar ungulu.

Da can, in ji shi, ungulu kan rufe kwanon kwatar ruf. Sai aka fara zuba guba a mushe don kashe karnuka, masu sayar wa bokaye kan ungulu kuma suka shigo da buhunansu. Aka wayi gari saura biyu, miji da mata. Mahauta suka laƙaba masa Sarkin Ungulu. Ni kuwa in na kawo masa abinci na tarar ya ɗaga kai sama ya saki baki, raina ɓaci yake yi.

"Yaya, duk tsuntsayen Allah ka rasa abin so sai mai sanƙo?"

"Ke ma da sanƙon gare ki da kin huta da kuɗin kitso," in ji shi. "Zauna ki gani."

Ba na son zama, amma ina zama. A bakinsa na ji cewa ba sa tashi da sassafe, sai rana ta gasa ƙasa iska mai zafi ta ɗauke su, ko fiffike ba sa kaɗawa. Ƙwai ɗaya tak suke yi a shekara, kuma kwancin karɓa-karɓa ne, miji ya kwanta mata ta fita kiwo. In sun ga nama fuskarsu ja take yi. In sun ƙoshi sai su nemi ruwa su yi wanka, wai sun fi wasu mahautan tsabta. Mutumin da ba ya haɗa kalma biyar da ɗan'adam, in an taɓo ungulu sai ka roƙe shi ya yi shiru.

Kullum in ya gama wanki yakan ware guntayen hanji ya watsa musu. Tun suna ci daga nesa har suka saba, suka koma sauka gabansa suna tafiyarsu ta gwale-gwale, suna ci dab da takalminsa. Wallahi ban taɓa ganin Yaya yana alfahari da wani abu kamar wannan ba. A shekarar ne kuma ƙwansu ya ƙyanƙyashe.

Ran nan ya shiga kasuwa sayen tsintsiya. Da ya dawo, mai gadin kwata ya tare shi ya ce wani baƙo ya zo da leda, ya watsa nama yadda Yaya ke yi. Macen ta sauko ta nufe shi da ƙafarta, ya kifa mata buhu ya hau babur.

"Ko gudu ba ta yi ba," in ji mai gadi.

Da na zo na same shi zaune, tsintsiyar na kan cinyarsa ko kwance ta bai yi ba. Na fara zagin mai buhu, uwa da uba. Ya ce in bari.

"Shi sana'arsa ya yi. Ni na koya mata cewa hannun mutum abinci ne."

Saura mijin da ɗan, kuma kowa ya san mai buhu zai dawo. Yaya ya daina zuwa ko'ina. Naman ma sai ya cilla shi can kan kwano ya shige ɗaki, kada su ga hannunsa. Haka ya yi ta tsaron bishiyar nan wata da watanni, ya rame, har ɗan ya yi gashi ya fara gwada fiffike.

Ina wurin ranar da ɗan ya fara sauka ƙasa. Uban ne ya jawo shi, tiryan-tiryan har gaban kujerar Yaya, suka tsaya suna kallonsa. Na zaci zai yi murna. Sai na ga ya sunkuya ya ɗauki dutse.

"Yaya, lafiyarka?"

Ya jefa kusa da ƙafar uban. Tsuntsun ya yi tsalle gefe ya sake matsowa, shi a zatonsa nama ne. Yaya ya ƙara jifa, wannan karon ya same shi a fiffike. Ya rarumi tsohuwar garwa yana buga ta da sanda yana bin su, hawaye na zuba, mahauta na ta dariya wai sarki ya yi faɗa da talakawansa. Na juya na wanke su tas, har yau wasunsu ba sa gaishe ni.

Washegari uban da ɗan suka dawo, ya sake korarsu. Haka ya yi ta yi. Ya ce can bayan duwatsu akwai gandun daji da ake tsaro, in suka tsani mutum za su kai can, kuma za su rayu. Tun suna sauka kan kwano, suka koma shawagi a sama, har ranar da rana ta take ba ko ɗaya.

Na ajiye masa kwanon abinci, na tsaya ina gyara mayafi.

"Kana ganin za su dawo?"

"In dai na iya jifa, ba za su dawo ba."

Na ce to ni zan wuce, yara na jira. Har na kai bakin lambatu na ji muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Auta, ɗan zauna mana. Ba sai kin ce komai ba."