Hannun Arzika a Cikin Kaskon Yashi

Arzika mahauci ne a bakin tashar Jibiya, inda motocin Maraɗi ke tsayawa kafin su kama hanyar iyaka. Teburinsa na jikin nawa, mun yi shekaru muna korar ƙuda tare. A samartakarsa ɗan dambe ne na ji da gani. Daga Bugaje har Farfaru, in makaɗa suka taɓa takensa a kalangu, samari sai su fara neman takalmansu. Amma lokacin da nake ba da labari furfura ta cinye masa kai, hannun daman nan da ya kayar da maza ya koma fiɗa da yankan tsire, kuma da shi kaɗai yake ci da gidansa.

Shekarun nan arzikin mai ya buɗe. Manyan motoci na wucewa da siminti da gangunan fetur, direbobi na cin nama kamar gobe ba za a yanka ba. A cikin wannan hayaniya wani Kalilu ya zo daga Katsina da injin majigi da janareta, ya kewaye fili da zana, ya fara nuna fim ɗin 'yan China bayan magariba. Ba mai jin yarensu, har shi Kalilun, amma sai ya tsaya gefen farin ƙyallen yana fassarawa da ƙarfi kamar a garinsu aka yanke masa cibiya.

Fim ɗin da ya shiga ran Arzika na wani tsohon jarumi ne mai farin gemu, wanda aka daɗe da mantawa da shi. Yara suka raina shi, sai ya koma bayan dutse, ya riƙa cusa hannunsa cikin kaskon yashi mai hayaƙi, ya dawo ya watsa su ɗaya bayan ɗaya. Kalilu ya daka tsawa ya ce, "Kun ga asirin! Yashi ne maganin!" Kowa ya yi dariya ya tafa. Na waiwaya na ga Arzika bai yi dariya ba, bakinsa kawai ke motsi.

Matarsa Hajo na soya gyaɗa a ƙofar gida, kuma kowa ya san da yashi ake soya ta. Da ta kwashe gyaɗar, sai ya durƙusa gaban kaskon ya nutsa hannu har wuyan hannu. Ta yi kuka, ta ɓoye kaskon a gidan maƙwabta, ya je kasuwa ya sayo wani.

Na same shi na ce, "Arzika, don Allah mi kaka yi ma kanka? Wa ya gaya maka akwai wuta ƙarƙashin nasu kaskon?"

Ya ce, "Ummaru, da idona na ga hayaƙi. Tsohon ga ya girme ni, kuma shina tsaye."

Ya miƙo mini hannun. Fatar ta yi baƙi, ta yi tauri kamar ƙirgi, farce biyu sun fita. Ya ɗauki tsinken tsire ya soka a bayan hannun yana kallona yana murmushi. "Ban ji komi ba," in ji shi. "Magani ya kama." Ni abin tsoro ya ba ni, don na lura wuƙa ta fara suɓuce masa a kan tebur bai sani ba sai ya ji ƙararta a ƙasa.

Da kaka ta yi aka kafa fagen dambe a Magama. Mutanen Maraɗi suka zo da wani saurayi, Lawwali, mai ƙirji kamar turmi, wanda ya gama da samarinmu tun kafin la'asar. Sai ga Arzika ya tuɓe riga. Makaɗa suka yi ta kallon juna, don ƙananansu ba su ma san takensa ba, sai da wani tsoho ya karɓi kalangun. Ni Arzika ya kira in ɗaure masa kara, igiyar da ake naɗe dunƙulen hannu da ita. Na ƙi. Wani ya ɗaure, yana ja Arzika na cewa a ƙara, a ƙara, tunda ba ya jin matsi.

Ba a daɗe ba. Lawwali ya raina tsoho ya saki jiki, Arzika ya sakar masa guda a muƙamuƙi, yaron ya zube. Fage ya kaure, aka ɗaga Arzika sama, mata na guɗa. Wallahi har ni sai da na yi ihu, kuma rabona da ganinsa cikin farin ciki irin na ranar nan tun muna samari.

Ya ƙi a kwance karan, ya zaga kasuwa da shi ana yi masa kirari har rana ta yi sanyi. Da muka zauna a zauren gidansa na fara warwarewa, igiyar ta fito da fata a manne. Yatsun sun kumbura sun yi shuɗi, ƙashi ya karye a ciki tun dukan nan, shi kuwa yana ta ba mutane labarin yadda ya auna muƙamuƙin.

A asibitin Katsina aka yanke yatsu uku, sauran suka ƙandare. Teburinsa ya koma hannun wani. Kalilu ya tattara zanarsa ya yi gaba da sabon fim.

Arzika ya rayu shekaru bayan nan, Hajo na riƙe da gidan da gyaɗarta. Mu mahauta a faranti ɗaya muke cin abincin rana, kuma kullum sai mun aika a kira shi. Bai taɓa zuwa ba. Da hagu yake ci, kuma ya ce ba zai sa hagu a akushin maza ba. Sai ya shiga ɗaki ya tura ƙyaure, Hajo ta ajiye masa kwano a bakin ƙofa ta juya baya.