Auta, Maganinka Yana Cikin Kwalbarsa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, Allah ya karɓi ran ƙanena, autan gidanmu, mai walda a bakin titi. Ni ce yayarsa. Ni na goya shi, ni kuma na rufe masa ido a gadon asibiti.

Auta, ba zan ɓoye abin da kai ba ka ɓoye mana ba. Kana ɗauke da cutar ƙanjamau, kai da matarka, kuma shekara da shekaru kuna shan magani kuna harkarku lafiya lau. Ƙararrawar wayarka carar zakara ce. Da ta yi cara sai ka kashe wutar walda, ka ɗaga baƙin tabarau, ka haɗiye ƙwayarka, ka koma kan ƙarfe. Abokan aikinka suna tsokanarka wai zakaranka bai san asuba ba, sai azahar. Ka fi su dariya.

Ƙofofi nawa ka gyara a layinmu ka ƙi karɓar komai, ni dai ban sani ba. Amma na san mai shayin da ke gefen shagonka. Ranar da aka gaya masa yana da cutar, ya kulle kansa a ɗaki yana jiran mutuwa. Kai ka ɓalle sakatar, ka ɗora shi a babur, ka zauna da shi a layin karɓar magani, washegari ka dawo ka gyara sakatar da ka ɓalle. Yana nan da ransa, har tumbi ya ajiye. Yana cikin waɗanda suka ɗauki makararka.

Gajiya ce ta kama ka, na sani. Ka taɓa ce mini, "Yaya, wai haka zan yi ta haɗiya har kabari?" A kan wannan gajiyar Baffa ya kai ka wurin mai jarka, mutumin nan da ke sayar da baƙin ruwa a bayan tasha yana cewa ya gano waraka.

Ga yadda yake aikinsa, kowa ya ji. Ba ya ce maka ka bar maganin asibiti tun farko. Cewa yake ka haɗa da nasa, bayan wani lokaci ka je a auna jininka. Mutumin da ya daɗe yana shan magani yadda ya kamata, dama ba a ganin cutar a awo, domin maganin ya danne ta, ba don ta fita ba. Mai jarka ya san haka sarai. Da sakamako ya fito sai ya rungume ka, ya kai ka gaban wata ƙatuwar kwalba da ke kan teburinsa, ka juye ƙwayoyinka a ciki da hannunka, masu jira suna tafi. Ka juye naka. Matarka ta juye nata, da goyo a bayanta.

Sai da tari ya kayar da kai, wando ya daina zama a ƙugunka, sannan na sani. Likita ya yi iyakar ƙoƙarinsa. An makara.

Mai jarka ya zo mana gaisuwa, Auta. Da farar riga da turare. Ya ce, "Hajiya, sai haƙuri, kwana ne ya ƙare." Na ce, "Kwana na Allah ne. Kwalbar fa, ta wa ce?" Baffa ya ce in yi shiru, ana zaman makoki. A zaman makokin nan kuma Baffan ya ja matarka gefe, ya ce ta ƙara jarka ɗaya don kada abin ya dawo.

To ba zan yi shiru ba. Na kai ƙara, kuma ban tsaya jiran ƙara ba. Kullum da safe ina kan benci a ƙofar mai jarka da hotunanka biyu, na lokacin da kake shan magani da na makon ƙarshe. Duk wanda ya zo sai ya gani kafin ya shiga. Wasu suna juyawa. Mai jarka ya aiko a ba ni haƙuri, na ce a gaya masa ban yafe ba, kuma ba zan tashi ba sai an rufe ɗakin nan. Baffa kuwa ƙanen mahaifinmu ne, zan gaishe shi, amma ƙafarsa ba za ta sake taka ɗakin matarka ba.

Matarka tana wurina. Na mayar da ita asibiti. Ba na barin gabanta sai na ga ta haɗiye, har baki nake sa ta buɗe, tana kuka ina kuka. An ɗebi jinin 'yarka, muna jiran abin da za a ce.

Ina miƙa ta'aziyya ga Inna, da matarka, da abokan aikinka. Allah ya jiƙanka, Auta, ya yafe maka gajiyarka, ya haskaka kabarinka, ya tsare marainiyarka. Wanda kuwa ya tafa maka ranar da ka juye ranka a kwalba, alhali ya san abin da yake yi, Allah ya isa tsakaninmu da shi.