Sunan da Ke Kan Kabarin Yaya

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma ne, ranar Laraba. Na san lokacin saboda ina zaune a ƙofar ɗaki ina bitar darasi, agogon Baba yana gabana. Wata mota ta tsaya a lungunmu, aka rufe ƙofofinta biyu, ɗaya bayan ɗaya. Har yau in na ji irin wannan ƙarar sai biro ya tsaya a hannuna. Sojoji biyu suka fito riƙe da hulunansu, suka wuce ƙofarmu, suka yi sallama a gidan Goggo, maƙwabciyarmu. Ba a jima ba muka ji kukanta. Mma ta bar gasarar da take tacewa ta ruga, a zatonta ɗan Goggo da ke aikin gini a Akara ne wani abu ya same shi. Ita ce ta rungume Goggo tana ba ta haƙuri, tana cewa kowa na Allah ne, har Goggo ta iya buɗe baki ta faɗa mata cewa ba nata ba ne, Yaya ne. An kashe shi a arewa, can bakin iyaka.

Sai na koma baya kafin ka gane. Yaya ya girme ni da shekara tara. Da zai rubuta jarrabawar gama firamare, aka ce babu takardar haihuwa, babu jarrabawa. Baba ya yi yawo har takalminsa ya cinye. Duk inda ya je sai a ce ya fara kawo ta mahaifinsa, alhali kakanmu a tsohon Zango aka haife shi, takardunsa kuma sun ɓace lokacin da aka tashi unguwar aka dawo da mutane nan sabon Zango da ke Agoè. Ɗan Goggo sa'an Yaya ne, ya riga ya bar makaranta, su kuma mutanen Sokode ne, takardunsu cif. Dattawa da kansu suka ce a aro wa Yaya takardarsa. Goggo ta kawo takardar a cikin leda, kamar yadda take kawo mana turmi in namu ya tsage. A Zango ba wanda yake ɗaukar wannan laifi.

Tun daga nan Yaya ya zama mai suna biyu. Ya sha ba mu dariya cewa a shekarar farko malamai sun ɗauka kurma ne, don sai an kira shi sau uku yake tuna da shi ake. Shi ne yake yi wa littattafaina bango da takardar siminti, ya goge lanƙwasar da farcensa har ta kwanta. Da damina, in ruwa ya cika lungu, yakan goya ni zuwa bakin titi, takalmana rataye a wuyansa. Ni ba mai magana ba ce, bai kuma taɓa matsa mini ba. Bayan ya shiga soja, duk hutun da ya zo sai ya biya kasuwar Assiyéyé ya tsinto mini tsofaffin littattafai, ya miƙo yana cewa ga abincin Madam Farfesa. Yakan sha kokon Mma a tsaye, ɗakin yana warin man takalmi. Mma ba ta karatun boko. Takan shafa rubutun da ke ƙirjin kakinsa tana murmushi, ni kuma ina karanta sunan ɗan Goggo a zuciyata.

A ranar da labarin ya zo, bayan magariba, dattawa suka taru a zaurenmu. Na ɗauka ta'aziyya suka zo. Ashe sun zo ne su ce a yi shiru. Suka ce in aka buɗe wannan magana gidaje da yawa za su shiga uku: akwai malamin makaranta, akwai mai jinya a asibiti, akwai ɗaliban jami'a, duk da takardar aro. Baba ya sunkuyar da kai. Mma, daga bayan labule, ta tambaya wa zai karɓi gawar. Wani daga cikinsu ya ce Allah ai ya san ɗan waye. Mutanen da suka ce a ara ke nan, ba ɗayansu da ya ce zai raka ta ko'ina.

Kwana goma sha ɗaya yana wurin ajiye gawa, mu da muke binne mutum kafin rana ta faɗi. Ranar jana'iza aka kafa rumfuna a bariki. Goggo aka zaunar a layin gaba, a kujerar uwa, ita aka miƙa wa tuta. Mma tana layi na shida tare da maƙwabta. Ba na zargin Goggo; kukan da ta yi na gaskiya ne, kuma tun a mota ta ɗora wa Mma tutar a cinya. Amma na ji an kira sunan wani an busa ƙaho. A sadakar uku da ta bakwai, liman bai ambaci kowane suna ba, sai dai wannan bawan Allah. Masu gaisuwa su fara shiga gidan Goggo, sannan su leƙo namu kamar masu neman aron wuta.

Bayan arba'in Mma ta ɗauki mayafinta. Abu ɗaya take so: a gyara rubutun da ke kan kabarin. Ni nake rubuta mata wasiƙu da Faransanci, ni nake yi mata tafinta, kowace wasiƙa ina da kwafinta da ranar da aka kai ta. Wani dattijo ya tare ni a hanya ya ce 'yar mutunci ba ta tona asirin unguwarsu. Na gaishe shi, na wuce. Shekara uku muna yawo ofis-ofis, ana cewa mu dawo mako mai zuwa.

Yanzu a Zango kafin a yanka ragon suna an yi wa jariri takarda, dattawan nan kuma su ne kan gaba wajen yin wa'azi a kai. Ɗan Goggo yana Akara da mata da yara, ba ya iya dawowa, don a takarda ya mutu. Ni da aka yi wa takarda tun ina jaririya, ina jami'a da sunana.

Watan jiya wani dattijon ma'aikaci a ofishin sojoji ya ba Mma kujera, abin da ba a taɓa yi mata ba. Ya karanta wasiƙata har ƙarshe, ya cire tabarau. Bai jira in yi tafinta ba, ya yi mata magana da yaren Mina, a hankali.

"Mama, in na rubuta sunan da kike so, wanda ke kwance a can ya tashi daga soja, ya koma mai takardar jabu. Makabartar kuma ta sojoji ce, za a ce a tone shi. Ki zaɓa, ko sunan ko kabarin."